Obama: yaƙinsa ya fi yawa ko dokokinsa?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum. Mun yi gardama a fadarmu ta shayi nan Yamai. Wani ya ce Obama, tsohon shugaban Amurka, mutumin zaman lafiya ne tunda an ba shi kyautar Nobel a 2009. Ni kuwa jiragen yaƙi kawai nake tunawa. Masana, mi ya aikata a shekara 8 da ya yi yana mulki?

Malam na Tawa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ya janye sojojin Amurka daga Iraƙi a Disamba 2011, amma tun 2009 ya ƙara 30,000 a Afganistan. A zamaninsa aka kashe Usama bin Laden a Pakistan, Mayu 2011. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Libiya. Jiragen NATO, ƙungiyar tsaron Amurka da ƙawayenta, suka yi ruwan wuta, Gaddafi ya faɗi, makamai suka watsu cikin Sahara, Mali ta kama wuta a 2012. Mu Adarawa da ƴaƴanmu ke ci-rani can Libiya, mun ji a tukunya.

Hajiya Yantala: Malam, a faɗi alherinsa ma. Dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta hana kamfanoni ƙin mutum don yana da tsohon ciwo. A shekarar ya sa hannu kan dokar sa ido kan bankuna.

Ɗan Bukoki: Hajiya, wannan ribar Amurkawa ce. Mu kam jirage marasa matuƙi muka samu a filin jirgin Yamai a 2013.