Masu jiragen rimot na Kano, wa ya taɓa kai jirginsa filin wasu?

Ɗan Kurna

Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da na jima ina so mu yi maganarsa, mu nan Kano kusan kowa da ɗan filinsa da ya saba, 'yan Hotoro daban, 'yan Panshekara daban, na hanyar Gwarzo daban, sai ka ga mutum ya shekara yana tashin jirgi shi kaɗai daga shi sai yaran unguwa masu kallo, alhali ga mai irin sha'awarsa can kuɗin adaidaita ɗaya ne tsakaninsu amma ba su san juna ba. Don Allah duk wanda ya taɓa kai ziyara filin wani ko aka kawo masa, ya ba mu labarin yadda aka karɓe shi da abin da ya ƙaru da shi.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam. Ni wajen Panshekara na fara zuwa, wani mai sayar mana da waya da dalma a Sabon Gari ne ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran rediyo, ya ce ai akwai irinka can kullum zancensa jirgi. Na kira shi ya ce in zo bayan asuba kafin iska ta tashi. Da na isa ina ɗokin buɗe jaka sai ya ce ajiye tukuna ƙanina, ya ja ni muka zaga filin da ƙafa, ya nuna min wayar wuta da ba ka ganinta idan rana ta haske maka ido, ya nuna min ramin da masu bulo suka haƙa, da wata darbejiya da ya ce ta bayanta iska ke juyawa ta buga jirgi ƙasa idan ka sauko ta nan. Sannan ya ɗebi ƙasa ya watsa sama muka ga inda ƙurar ta nufa, ya ce to ta can za ka fuskanta, ana tashi ne ana fuskantar iska haka ma sauka.

Duk baƙon da ya zo sai ya duba masa jirgi kafin a tashi, ya ɗora nawa kan yatsu biyu ta ƙasan fiffike wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ya ɗan tura batirin gaba kamar faɗin yatsa har hancin ya sunkuya kaɗan, ya ce jirgi mai nauyin hanci zai tashi ko da ba daɗi amma mai nauyin jela ba ya jin magana sam. Ya motsa kowane sarbo, wato ɗan injin da ke juya jela da gefen fiffike, ya sa na ja da baya da rimot ya ga ko yana amsawa daga nesa. Can wajen sauka farfelata ta karye, wallahi kafin in yi magana ya kwance tasa daga jirginsa ya ɗaura min, na ciro kuɗi ya ɓata rai ya ce haba kai da ka zo wurina. Daga nan gidansa muka wuce aka kawo shayi da gurasa. Yanzu ba maganar jirgi kaɗai ke haɗa mu ba, da aka yi min haihuwa da shi aka ɗaura tanti ranar suna, da ya kwanta rashin lafiya ni na riƙa kai shi asibiti.

Injiniya Sharada

Ma sha Allah, Allah ya bar zumunci. Ni abin da zan ƙara, ku tambayi mai fili kafin ku kama hanya don yawancin wuraren nan gonakin mutane ne, daga watan Yuni an shuka gero da dawa shi ke nan sai bayan kaka, kuma ko an girbe kututturen kara na nan a tsaye suna farke cikin jirgin fom. A namu filin da hannu muke jefawa ba ma sa taya, cikin kuma mu liƙe shi da faffaɗan salatif. Wani ɗan uwa ya zo mana daga Hotoro da jirgi mai ƙananan tayoyi, sai da muka haɗu muka share masa hanya da fartanya da tsintsiya sannan ya tashi, kuma mun ji daɗin ranar sosai.

Maman Hanif

Ni ba na tashin jirgi, ɗana ne ya addabe ni yana yanka fom ɗin kwalin firiji yana haɗawa da ɗan injin da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ba ta taɓa tashi ba amma bai daina ba. Kawunsa ne ya kai shi wajen wasu daga cikinku ta hanyar Gwarzo, ranar ban saki jiki ba sai da ɗaya daga cikin manyan ya kira ni da kansa ya gaishe ni ya ce Hajiya yaro na hannunmu kuma kafin azahar zai dawo, kuma haka aka yi. Ya dawo yana ba ni labari wai an haɗa rimot biyu da waya, malamin na riƙe da ɗaya shi yana riƙe da ɗaya, idan jirgin ya karkace malamin ya saki maɓalli ya karɓe. Har da tsohon rimot FlySky aka ba shi aro. Roƙona ku riƙe wannan ɗabi'ar ta kiran iyaye, ita ta sa hankalina ya kwanta. Allah ya saka muku da alheri.

Alhaji na Rijiyar Zaki

Amin Hajiya, yaron naki yana da natsuwa. Yaran nan ku kun samu sauƙi, mu lokacin da muka fara injin mai muke amfani da shi, ga ƙara ga maiƙo duk jikin jirgi, rimot ɗin kuma na kiristal ne, kowanne da lambar tasharsa kamar rediyo, idan mutum biyu suna lamba ɗaya ɗaya ya kunna nasa to jirgin ɗan uwansa ya faɗo. Don haka dole idan ka je filin wasu ka fara gaisawa da kowa ka tambayi lambar kowa kafin ka taɓa makunni. Yanzu da rimot na zamani mai 2.4GHz kowane rimot na ɗaure da jirginsa, mutum goma za su tashi lokaci guda ba matsala, abu ya yi kyau amma na lura wasu sun daina gaisuwar, su sauko daga mota su jona batir kawai. Ku dawo da ita.

Sai maganar wuri. Garin nan ya san jirgi tun 1925 da jiragen sojan saman Ingila suka sauka Kano, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano yanzu gari ya kewaye shi, ku 'yan Kurna da Fagge da wajen Jaba kun fi kowa sani manyan jirage ta saman gidajenku suke saukowa. Kada wanda ya gwada ko ƙaramin jirgi a wannan yankin, haka kusa da barikin soja. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa tashin jirgi mara matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka mai karɓar baƙi shi ke da alhakin faɗa musu inda iyaka take.

Mai Gyaran Waya Farm Centre

Baba Alhaji gaskiya ka faɗa, ni kam shi ya sa ba na rubuta inda filinmu yake a fili. Wani ya taɓa zuwa mana babu wanda ya san shi, ya zo da diron mai kyamara, muna ta kanmu sai ya wuce da shi saman gidajen ƙauyen, kun san gidajenmu tsakar gida a buɗe take mata na aikinsu. Washegari mai unguwa ya aiko aka ce kar mu ƙara zuwa, mun sha zirga-zirga da ban haƙuri kafin aka bar mu muka dawo, har yau abin na min ciwo don mutanen nan su ke ba mu ruwa su taya mu neman jirgi idan ya faɗa gona. Ina son baƙi wallahi amma ta hannun wanda na sani.

Ɗan Kurna

Ba ka yi laifi ba yayana, ai ko ni ba cewa na yi a baza adireshi ba, wanda ya kawo baƙo shi zai tsaya masa.

Ɗalibi Kabuga

Ni tawa ta wajen gari ce, Jos na je hutu wajen yayata na tafi da jirgi a kwali, wani da muke hira a WhatsApp ya zo har tasha ya ɗauke ni, ba addininmu ɗaya ba ba yarenmu ɗaya ba amma da lokacin sallah ya yi shi ya nemo min ruwan alwala ya tsare min kaya. Abin da na lura can, Jos ta kai wajen mita 1,200 a sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba, iskar can ta fi sirantaka sai jirgin ya nemi gudu kafin ya ɗaga kuma ya sauko da sauri, shi ya gaya min tun kafin in jefa. Ya kuma koya min kallon shirwa, inda ka ga suna kewaya ba sa kaɗa fiffike to iska mai ɗumi ce ke hawa, ka shiga wajen ka rage wuta jirgin ya yi ta hawa. Ya ce zai rama ziyara da hunturu, na ce masa ya zo da jirgi mai launi ja ko ruwan lemo don farin jirgi ɓacewa yake a hazon Kano.

Injiniya Sharada

Masu tafiya ku kula da batir LiPo, wato batirin caji na jiragen nan, kar a bar shi cikin mota a rana musamman zafin Afrilu, ku rage cajin zuwa volt 3.8 a kowane sel, wato kowane ɗan batir da ke cikinsa, sai kun isa ku cika shi volt 4.2, wanda ya kumbura kuma kar ya hau mota. Gam ɗin kyandir ma saki yake a zafi, ku duba jela da mazaunin sarbo kafin tashi.

Baban Khalifa

To tunda an zo nan, na yi waya da dattijon namu ya ce Asabar mai zuwa yana maraba da mutum shida, ƙarfe shida da rabi na safe, banda kyamara. Motata za ta ɗauki uku idan fukafukanku na cirewa ne. Injiniya ka taho da cajarka mai jonawa a batirin mota, tawa guda ɗaya take ci.

Maman Hanif

A saka Hanif a ciki don Allah, kawunsa zai kawo shi Kabuga ku ɗauke shi, zan aiko da ƙosai da kunu.