Masu tseren keke ta intanet daga nan Damagaram, ya taku ta kasance?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayata ga duk wanda ya taɓa shiga tseren keke na intanet daga nan garin, irin wanda za ka ɗaura kekenka kan inji a ɗaki ka haɗa shi da waya ko kwamfuta, kana taka feda mutuminka na cikin allo yana gudu tare da mutanen Turai da Amurka da Japan. Tun da hunturu ya shigo na bar fita hanyar Mirya da safe, ƙura na tayar min da tari kuma masu mota ba sa ganin mutum cikin hazo, shi ne ɗan'uwana da ke Faransa ya aiko min da tsohon injinsa. Yawo ni kaɗai a Zwift, manhajar da ake tseren a cikinta, lafiya lau nake yi, amma tsere ya gagare ni, ana cewa a tafi kowa ya ɓace, kafin minti biyu ni kaɗai a baya. Dan Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa.

Na Zango:
Wa alaikumus salam yayana. Ba rashin ƙarfi ba ne, haka tashin yake. A kan hanya mutane na farawa a hankali jiki ya ɗau zafi, a can kuwa mintuna biyu zuwa ukun farko su ne mafi tsanani a duk tseren don kowa na neman ya shiga rukunin gaba. Ni sai na yi minti ashirin ina ɗumama jiki kafin lokaci, kuma tun ana ƙirga sakan na ƙarshe nake fara takawa da ƙarfi, ta yadda in an buɗe hanya ƙafata ta riga ta ɗauka. Wasan yana lissafa iska kamar gaske, in kana bayan mutane ana rage maka wahala sosai, in ka bari suka ba ka tazarar mita ashirin to iskar duka a kanka take kuma da wuya ka sake kamo su. Ka cije waɗannan mintunan, wallahi bayan nan gudun yana lafawa.

Malamin Lekol:
Ƙannena duk kun bar babbar magana, zafi. Ni abin da ya kusa kai ni ƙasa kenan a bazarar da ta wuce. Jikin mutum in yana aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama, kashi ɗaya ne ke zuwa ga feda. A hanyar Takyeta iskar gudu ce ke kwashe wannan zafin ba tare da ka lura ba, a ɗaki kuwa babu ita, kuma ɗakin kwano ne a watan Afrilu da garin ke haura digiri 40. Wata rana ina tsakiyar tsere na ji sanyi-sanyi na bin fatata alhali gumi na zuba, kaina ya fara juyawa, na sauka nan take, kuma duk wanda ya ji haka ya sauka kada ya tsaya jiran ƙarshe. Wanda kake gasa da shi yana Ingila ko Jamus cikin gareji mai sanyi, ba yanayinku ɗaya ba, ka san wannan tun kafin ka hau.

Yanzu a tsakar gida nake kafa injin bayan isha'i ko kuma da an idar da asuba, fanka biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a fuska. Gora biyu na ruwa, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, da dabino a kusa. Kuma ku riƙa shimfiɗa tawul kan kan keken, gumi gishiri ne yana cin ƙarfe da kusoshi. Da azumi kam ba na tsere sam, ɗan juyi kawai bayan tarawihi.

Mai Sola:
Ni tawa matsalar wuta ce da rezo. Saura kilomita ɗaya a gama, ina cikin biyar na gaba, wuta ta ɗauke, injin ya mutu mutumina ya tsaya cak a tsakiyar hanya ina kallo ana wuce ni. Abin ya tsaya min a rai sosai don na yi aiki a wannan tseren. Daga nan na haɗa injin da fanka kan batirin sola, injin ba ya jan wuta da yawa, fankar ma ta fi shi ci. Rezo kuma in ya yanke ba a fitar da kai, sai dai mutanen su ɓace daga allo ka ga kai kaɗai kan titi, in ya dawo sun yi nisa tunda ba ka da wanda ke tare maka iska. Na lura tseren kansa ba ya cinye data da yawa, saukar da manhajar da sabunta ta ne ke ci, don haka ku buɗe ta tun da rana kada ta ce sai ta sabunta ana saura minti biyar a fara. Kuma a kashe Bluetooth na sauran wayoyin gidan, in wata ta riga ta kama injin taka ba za ta gan shi ba.

Siririn Garin Malam:
Maganar da ta fi damuna ita ce ta nauyi. Wasan ba ya ganinka, abin da ka rubuta yake yarda da shi. Yana ɗaukar ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa, wat, ya raba da kilon jikinka. Mai kilo 60 da ke ba da wat 180 yana da 3 a kowane kilo, in ya rubuta kilo 50 sai ya koma 3.6 ba tare da ya ƙara komi ba, ya riƙa tashi a kan tudu yana barin mutane. A tsarin da na tarar, da wannan lissafin ake raba masu tsere rukuni-rukuni, rukunin D ƙasa da 2.5 ne, C zuwa 3.2, B zuwa 4, A daga nan sama, daga baya aka kawo tsarin maki. Akwai kuma masu ƙarfin B da ke saukowa C don su ci. Ko a manyan gasa an yi, a 2019 an ƙwace kambun Birtaniya daga Cameron Jeffers saboda keken da ya yi tsere da shi a wasan na'ura ce ta samo masa, ba ƙafarsa ba. Ni duk wata nake hawa sikeli a farmasi in rubuta abin da na gani, don amana ce, ba wanda ke ganinka sai Allah, kuma lambar ƙarya ba za ta nuna maka ko kana ci gaba ba.

Abin daɗin shi ne mu marasa jiki tudu namu ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ƙattan nan masu kilo 85 suna wahalar da ni, amma ku gwada Alpe du Zwift, tudu mai lanƙwasa 21 irin na dutsen Alpe d'Huez na Faransa, hawan sama da mita 1000 cikin kusan kilomita 12. Duwatsun Birni muna da su amma irin wannan hawan ba mu da shi ko'ina a yankin nan, ranar da na kai samansa sai da na ji hawaye.

Ƴar Sabon Gari:
Yayyena ku ba ni wuri ni ma. Ku hunturu ne ya shigo da ku ɗaki, ni kuwa ba don injin nan ba da ban taɓa tsere ba a rayuwata, kun san yadda za a kalli matar aure kan keke a titi. Na maigida nake hawa da login nawa daban in yara sun yi barci, akwai tseren mata zalla, kuma na samu wata ƴar Kenya da muke haɗuwa muna ja wa juna. Gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Disambar 2020 ƴar Afirka ta Kudu ce ta ci ɓangaren mata, Ashleigh Moolman-Pasio, ranar da na ji haka na ƙara ƙaimi. Matsalata sirdi ne, na maza ne yana ji min ciwo, in akwai wanda ya san inda ake samun mai faɗi ya taimaka.

Baban Gareji:
Ƴata sirdin sai an sa masu zuwa Kano su duba, ki aiko maigidan in auna. Ni shekaruna sun ja kuma ban yarda wannan ya maye hanya ba, allo ba ya koya maka kauce wa rami ko riƙe keke cikin rairayi ko tafiya kusa da tayar wani. Amma ƙafa da numfashi yana gina su, wannan na gani a yarana. Mathew Hayman, ɗan tseren keke na Ostireliya, ya karye a hannu a 2016, a ɗaki ya yi horo kan Zwift, ya fito ya ci Paris-Roubaix, babban tseren hanya na Faransa. Ga marasa hali, ba dole sai inji mai tsada ba, akwai mai riƙe tayar baya da ɗan na'urar auna gudu, sai dai lissafinsa ƙiyasi ne kuma yana cin taya, ku sa tsohuwa. MyWhoosh na Abu Dabi, wani wasan irin Zwift, kyauta ne ba ruwanka da katin banki duk wata, amma yana son waya mai ƙarfi.

Na Zango:
To tunda mun kai haka mu zaɓi tsere ɗaya mu shiga tare, daren Asabar ƙarfe tara, gajere wanda bai wuce kilomita 20 ba. Yaya Ɗan Birni ka biyo tayata daga farko. Mai Sola, batirinka zai iya ɗaukar inji biyu in na kawo nawa gidanka?