Cigiyar kalma: me za mu kira na'urar PLB da Hausa?

1/ Jama'a masana harshe, yau da cigiya na zo: sunan Hausa nake nema wa PLB, 'yar na'urar da ake dannawa a nemi ceto in an shiga haɗari a inda babu sabis. Ƙanena da ke aiki a Adelaide ta ƙasar Ostireliya ya samu hutu, ya yi hayar irin motar nan mai gado da murhu da banɗaki a ciki, zai kai iyalinsa Perth. Tafiyar kusan kilomita 2,700 ce, kuma dole a ratsa filin Nullarbor, inda akwai wani miƙaƙƙen titi na sama da kilomita 146 babu kwana ko ɗaya. Da mutum ya sauka daga kwalta ya nausa daji, sabis ya ɗauke.

2/ Sunan motar bai ba ni wahala ba. Turawa na ce mata motorhome, mu kuwa muna da tafi-da-gidanka tun tuni. Mun ba kotu wannan suna, mun ba waya, to wadda ke yawo da gado da tukunya ai ta fi su cancanta. Mota tafi-da-gidanka, an wuce wurin.

3/ Inda na maƙale shi ne daren da ya kira ta bidiyo don yin sallama. Hajiyarmu ta ce, "To Auta, in mota ta lalace a inda babu sabis, ko yaro ya kwanta ciwo, wa zai ji ku?" Sai ya ɗago wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, ba ta wuce cikin tafin hannu ba, da siririyar eriya a naɗe a jikinta, da maɓalli ɗaya ɓoye ƙarƙashin murfi. Ya ce, "Yaya, ka yi mata bayani." Na buɗe baki na ce wayar tauraron ɗan'adam ce. Nan take fuskar Hajiya ta washe, ta ce alhamdulillahi, to ya riƙa kiranta da ita kullum bayan magariba.

Kuskuren nawa ne, kuma ba ƙarami ba. Wannan na'ura ba a magana da ita, ba ta kai gaisuwa. Da na bar ta a haka, da Hajiya ta kwana uku tana zaman jiran kiran da ba zai zo ba.

4/ Ga aikinta. Ana kiranta PLB, wato Personal Locator Beacon da Turanci, ko a ce beacon kawai. In rai na cikin haɗari, sai a miƙar da eriyar a fili inda sama take buɗe, a danna maɓallin. Za ta aika sigina a kan mita 406 MHz zuwa taurarin Cospas-Sarsat, tsarin gano masu neman ceto na duniya, wanda Kanada da Faransa da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka assasa a 1979, ya kuma fara ceton rai a Kanada a 1982. Saƙon na ɗauke da lambar na'urar da inda take. A Ostireliya yana faɗawa hannun hukumar AMSA mai kula da aikin ceto a Kanbera, su duba rajista su ga mai ita, da irin motarsa, da lambar ɗan'uwan da ya ce a tuntuɓa. Tana kuma fitar da ƙaramar sigina a kan 121.5 MHz, wadda jirgin ceto ke bi in ya matso. Batirinta kan yi aƙalla awa 24 yana kira. Ba a biyan kuɗin wata. Amma babu mai yi maka magana ko rubutu ta cikinta. Ka danna, sai ka zauna kusa da motarka ka jira.

5/ Na zagaya da tambayar, ga abin da na samo.

Wani ya ce a hausantar kawai a ce bikon. Ban yarda ba, don kunnen Bahaushe zai tafi wurin bikon matar da ta yi yaji. Wani ya ce fitila ko jiniya, amma wanda ke bayan tudu ba ganinta zai yi ba, ba kuma jin ta zai yi ba.

Wani dattijo da ya yi tuƙi tsakanin Agadas da Dirku ya ce, "Ɗana, ai Turaya ce." Na fahimce shi, don a hamada sunan Thuraya ya zama sunan duk abin da ke magana da sama. Sai dai Turaya waya ce: ka kira, a kira ka, ka sa kuɗi. Haka ƙananan na'urori irin inReach na Garmin, da ke bi ta taurarin Iridium, kana rubuta saƙo a mayar maka. Waɗannan a bar su da wayar tauraro. Haɗa su da PLB a suna ɗaya shi ne ramin da na faɗa a gaban Hajiya.

A ce mata "na'urar neman agajin gaggawa" daidai ne, ya kuma dace da takardar gwamnati. Amma wanda tayarsa ta fashe a rairayi ba zai tsaya jero kalma huɗu ba.

6/ Biyu suka rage mini: ga-ni-nan da a-kawo-ɗauki. Na daɗe ina juya ta farkon, domin rabin aikin na'urar ke nan, faɗin wuri. Matsalarta ita ce ga ni nan a bakinmu amsar kira ce, wato ina zuwa, hankali kwance. Babu tashin hankali a cikinta, yaro ma zai iya dannawa don wasa, a tashi jirgi a banza.

A-kawo-ɗauki kuwa kowa ya san lokacin da ake faɗin ta: gobara, ɓarayi, kwalekwale ya kife. Ba a faɗin ta don gaisuwa. Ginin kalmar ma namu ne, irin na a-kori-kura da a-daidaita-sahu da a-ci-balbal. Ita na zaɓa.

7/ Kada a ɗauka zancen Turawa masu yawon buɗe ido ne kaɗai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada bayan sun bar Arlit za su Aljeriya, yawancinsu mata da yara, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Ban ce na'ura kaɗai za ta cece su ba, sai da mai amsa kira da abin hawan zuwa. Amma Najeriya na cikin tsarin Cospas-Sarsat, hukumar NEMA na da cibiyar karɓar wannan sigina a Abuja, kuma masunci ko direban da bai san sunan abu ba, ba zai tambaye shi a kasuwa ba.

8/ Na gwada ta a jimla, ta zauna: "Ka yi wa a-kawo-ɗaukinka rajista?" "Duba ranar ƙarewar batirin a-kawo-ɗaukin kafin ku tashi." Abin da ban yanke ba shi ne jinsi. Bakina na cewa a-kawo-ɗaukin, kamar namiji, alhali na'ura mace ce. Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya take fita a bakinku?