Na goga motata da ginshiƙi, in kai wa inshora ko in gyara da aljihuna?

Baban_Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekaranjiya da daddare ina ribas zan shiga wajen ajiye motoci, hankalina duk yana kan madubin dama sabida wata mota da aka faka a karkace, sai kawai na ji ƙuuu ta hagu, ashe ginshiƙin kankare na goga. Bamban baya ya tsage ta kusurwa, gilashin fitila ya fashe, fenti kuma ya kuje kamar faɗin tafin hannu biyu. Ba wanda ya ji ciwo alhamdulillah kuma ba motar kowa a ciki, laifina ne ni kaɗai. Komfirihensib gare ni, wato inshorar da take biyan gyaran motata ko da laifina ne, shekara 4 ban taɓa yin kilem ba, wato neman kamfani ya biya ni, shi ya sa suke min ragi mai kyau duk lokacin sabuntawa. Mai gyara ya duba ya faɗi kuɗinsa, da na cire eksas ɗina, wato kason da ni zan biya daga aljihuna in na yi kilem, sai na ga abin da kamfani zai biya bai ma kai rabi ba. Maiɗakina ta ce to meye amfanin kuɗin da nake zuba musu duk shekara in ɗan wannan ma ni zan biya, kuma wallahi maganarta ta zauna min, amma ina tsoron kar in karɓi kaɗan yau su fanshe a jikina gobe.

Injiniya_MK:
Wa alaikumus salam, Allah ya kiyaye gaba Malam. Ka ɗauko biro ka yi lissafin, amma kar ka yi na bana kaɗai. Mu ƙaddara gyaran 100 ne eksas ɗinka 60, to 40 kawai za su ba ka, 60 ɗin nan ko ka yi kilem ko ba ka yi ba daga aljihunka za ta fita. Abin tambaya shi ne nawa 40 ɗin za ta ci maka. Kilem irin wannan a matsayin laifinka za a rubuta shi tunda ba wani da za su bi ya biya su, to ragin rashin kilem ɗinka zai ja baya, wasu kamfanonin shekara 2 suke zaftarewa wasu kuma su mayar da kai farko gaba ɗaya, sannan in ka je neman sabon folisi (yarjejeniyar inshora) galibi za a tambaye ka abin da ya faru a shekara 3 zuwa 5 da suka wuce, canza kamfani ba ya goge shi. Ka tara ƙarin da za ka biya a waɗannan shekarun ka ajiye gefen 40 ɗin. Ni a irin wannan gyarawa nake da kaina.

Maman_Sadiq:
Ɗan uwa kafin ka yanke hukunci a kwance bamban nan a duba bayansa tukunna. Ni abin da ya same ni ke nan, na bugi wani ɗan guntun ƙarfe da baya, daga waje tsagewa ce kawai ko yatsa ba zai shiga ba, na ce a liƙe a fesa fenti na biya na tafi. Bayan kamar wata biyu sensa ta fara ƙara babu komai a bayana, ga but ya daina rufuwa da kyau har ruwan sama yana shiga wajen safaya, da aka cire bamban ashe ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, wayar sensa ɗaya ta gutsure. Kuɗin ya ninka na farko nesa ba kusa ba, na kira inshora suka ce ai na wuce wa'adin sanarwa kuma na riga na taɓa motar kafin mai dubawarsu ya gani. Har yau abin yana min ciwo. Ka ɗau hotuna yanzu ta kowane gefe har da ginshiƙin, kuma ka samu mai gyara na biyu ya rubuta maka nasa farashin.

Tsohon_Ejan:
Na yi aikin inshora shekaru, bari in ƙara abu biyu. Sanarwa daban kilem daban. Folisi da yawa sun shar'anta ka sanar da su duk wani hatsari ko da ba ka neman ko sisi, sai ka ce musu sanarwa ce kawai ba kilem ba, ragin rashin kilem ɗinka ba ya taɓuwa da wannan, duk da dai gaskiya wasu kamfanonin suna iya ɗan ɗaga kuɗi sabida ya shiga fayil ɗinka. Ka buɗe takardarka ka karanta sashen sharuɗɗa, a nan za ka ga kwana nawa suka ba ka. Na biyu, ginshiƙin na waye? In na wani ne kuma ya gutsure, mai wurin zai iya zuwa daga baya ya nemi diyya, ranar kuwa za ka so a ce kamfaninka ya riga ya sani. Haka in motar ta bashin banki ce ko ta haya mai dogon zango, su ma suna da nasu sharaɗin kan gyara.

Sai kuma dan Allah kar wani ya ba ka shawarar ka ce ka fito ne ka tarar an buge ta. Masu dubawa sun san bambancin gogar kankare da ta mota, kankare yana barin farin gari da layuka a jikin fenti, in suka gano za su ƙi biya su soke folisin, kuma zamba ce a doka.

Direba_04:
Ni dai ina bayan Hajiyarka, inshora don rana irin wannan ake yin ta. Ka duba ko ka biya kuɗin kariyar ragin rashin kilem, wasu suna da ita ba su sani ba, in kana da ita kilem ɗaya ba zai rage maka shekarunka ba.

Tsohon_Ejan:
Haka ne, sai dai shekarun ragin kawai kariyar take tsarewa, ainihin kuɗin da ake cire ragin daga cikinsa zai iya hawa.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar ba ni da kariyar, kuma lallai akwai sharaɗin sanarwa, ban taɓa lura da shi ba sai yau. Ginshiƙin na ginin da nake haya ne, na nuna wa mai kula da wurin ya ce fentin motata ne kawai ya manne a jiki ba abin da ya fashe. Gobe da safe zan kai a kwance bamban kamar yadda Maman Sadiq ta ce, in ƙarfen ciki lafiya yake zan kira su in ce sanarwa ce kawai in gyara abata, in kuma ya lanƙwashe ba zan bari a taɓa komai ba sai mai dubawarsu ya zo.