Ina so in rubuta fim ɗin ban dariya, in shirya shi, in ba da umarni: ta ina zan fara?

Lawali: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema. Na gama karatu a jami'ar André Salifou, tun ina lise nake tsara 'yan wasannin ban dariya muna yi da abokai a fada, yanzu ina so abin ya zama sana'a, ni zan rubuta ni zan shirya kuma ni zan ba da umarni. Ina da labari a kai kan wani ɗan kabu-kabu da surukinsa. Aikin wa zan kalla in ƙaru, kuma me zan fara saya? Abin da ke hannuna bai kai jaka ɗari biyu ba

Mushe Isuhu: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka. Ka ce labarin yana kai, to sauke shi kan takarda tukun, wannan ita ce shawarata ta fari kuma ita ce babba. Yawancin finafinan ban dariyarmu ba rubutu ake ba, sai a samu ɗan wasa mai baki a kunna kamera a ce masa yi, in ya yi daɗi shi kenan in bai yi ba a cika wurin da ihu da guje-guje, shi ya sa za ka kalli fim ka yi dariya amma kashegari a tambaye ka labarin me aka ba da ba za ka iya faɗa ba. Nemi wasannin Samanja, marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023. Tsohon soja ne, ya san bariki ciki da bai, Hausar barikin nan da yake kwaɓawa ba ƙirƙira ya yi ba, a bakin mutane ya ji ta. Kai ma ka san rayuwar 'yan kabu-kabu ko daga nesa kake hangensu? Je ka zauna inda suke tsayawa bakin kasuwar Dole ka saurari yadda suke ciniki da faɗa da zolayar juna.

Mamman Sani: mushe ya yi gaskiya amma ni a ganina ka tattara ka tafi Kano kawai, can harkar take, ko riƙe fitila ne ka yi wa wani darakta na shekara guda za ka ga yadda ake tsara ranar ɗauka. Nan Damagaram wa zai koya maka

Mushe Isuhu: Mamman Sani kar ka raina gida. Tun kafin faifan dandalin soyayya ya shigo mana muna da su Yazi Dogo suna sa ƙasar nan dariya a rediyo da talabijin. Ga kuma Moustapha Alassane, shi ne ma ainihin irin mutumin da Lawali yake son zama, shi ke rubutawa shi ke shiryawa, har zane yake da hannunsa. A 1966 ya yi Bon voyage Sim da zanen kwaɗi yana zolayar shagalin tafiye-tafiyen shugabanni, a 1972 ya yi FVVA kan mutumin da burin mata da mota da gida da kuɗi ya kai shi ya baro. Ya zauna Tawa shekaru da yawa yana aikinsa, ya rasu 2015. Lawali ka nemi waɗannan finafinan nasa biyu ka kalla.

Rakiya: Ƙanena ni ta fannin kuɗi zan yi magana tunda na taɓa riƙe wa wata ƙungiyar wasa asusu. Kar ka sayi kamera. Wayar da ke hannunka ta isa somin taɓi, kuɗin ka sa su a makirho mai kyau da abincin 'yan wasa da man babur. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma in ba su ji maganar ba ina dariyar za ta fito, ga iskar garin nan lokacin hunturu ga ƙarar babura. Sannan duk wanda zai fito maka ko ɗan ɗakinku ne ku rubuta yarjejeniya, nawa zai samu kuma yaushe, na ga abota ta shekaru ta watse kan jaka goma wlh abin ya dame ni har yau. In rubutun ya kammala ka kai BNDA, ofishin kare haƙƙin mallakar marubuta da masu fasaha na Nijar, a yi masa rajista da sunanka

Lawali: Na gode yaya Rakiya. To batun haɗa ukun fa, wasu na ce min ya yi yawa

Abdu mai montaj: ya yi yawa in ka haɗa su rana guda. Charlie Chaplin ya haɗa, har kiɗan fim ɗinsa yake tsarawa, ka kalli City Lights na 1931 babu hira a ciki amma za ka yi dariya kuma ka tausaya, nan za ka gane dariya a lokaci take, daƙiƙa ɗaya in ka ƙara ko ka rage ta mutu. Amma shi yana da ma'aikata. Kai ranar ɗauka ka damƙa wa wani amintacce jakar kuɗi da zancen abinci, dan ba zai yiwu kana duba fuskar ɗan wasa kuma mai gidan da kuka ara yana jan rigarka ba. Kuma fara da minti biyar zuwa bakwai, kar ka ce dogon fim

Mamman Sani: to ko bai je Kano ba ya kalli Gidan Badamasi na Falalu Dorayi, ya ga yadda kowane ɗa a gidan yake da halinsa daban, dariyar daga halayen take fitowa

Hajiya Hadiza: Ni uwa ce, abin da zan roƙe ka Lawali kar ka nemi dariya da gurgu ko mai i'ina ko ka mai da wata ƙabila wawaye, yaranmu suna kwaikwayo su kai lakwal. Muna da wasan taubasai, dubi Barebari da Fulani yadda suke tsokanar juna ba mai fushi dan kowa yana da bakin ramawa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. A nan ka ɗebo. Kuma ka san ban dariya ba ta hana shiga matsala, marigayi Rabilu Musa Ibro da kowa ke so an ɗaure shi a Kano a 2008 kan wani fim, saboda haka rubutunka ya bi ta hannun wani babba kafin ka ɗauka, musamman inda ya taɓa malamai ko sarauta.

Lawali: In sha Allah hajiya. Surukin a labarin limami na so in yi shi, yanzu zan mai da shi dillalin awaki

Mushe Isuhu: Dillalin ma zai fi ba ka magana. Rubuta shafi biyar ka kawo min gida Birni ranar Asabar bayan la'asar, ka zo da mutum biyu da za su karanta da ƙarfi mu ji inda ake dariya da inda aka yi shiru.

Abdu mai montaj: in kun ɗauka kawo min a kile USB in yi maka montaj, wato yanka da haɗa hotunan, na farkon ba zan karɓi ko dala ba