Soja ya gudu ne, ko fashi ya yi?

Jiya da daddare wata ƙanwata mai fassara labarai ta turo mini saƙo: "Yaya, don Allah yaya ake cewa AWOL da desertion da Hausa? Ni dai duk 'ya tsere' nake rubutawa." Na ce mata ki dakata, kina iya ɗora wa bawan Allah laifin da ya fi nasa. Ga yadda na gani, masana ku gyara mini.

A dokar sojan Najeriya laifi biyu ne daban. AWOL shi ne soja ya bar bariki ko wurin aikinsa ba izini, amma da niyyar dawowa: an ba shi hutun sati biyu ya tafi Funtuwa bikin ƙanensa, ya ƙara sati uku a kai. Desertion kuwa ya tafi ke nan, ya cire kaki ya cusa a buhu, ya kashe waya. Niyya ce ta raba su.

Na farkon muna da kalmarsa tun muna makarantar allo: fashi. Yaron da ya yi fashin makaranta gobe za a gan shi da allonsa, sai dai ya sha dorina. Amma a kula, kada a rubuta "Soja ya yi fashi" tsurarsa, mai karatu zai ɗauka tare hanya ya yi da bindigar gwamnati. A cika shi: fashin aiki.

Na biyun ne ya ba ni wahala. Wani aboki ya ce "ya cika wandonsa da iska", wani ya ce "ya ari ta kare". Suna da daɗi a majalisa, amma ba ka karanta su a labaran ƙarfe bakwai kan mutumin da kotun soja ke jira. "Yaji" ma bai yi ba, don mai yaji biko take jira, sojan da ya gudu kuwa kamo shi ake yi. Ni na tsaya a kan gudun aiki, mai yin sa kuma gudajjen soja, jam'i gudaddun sojoji. Wani dattijo ya ce mini kalmar tana tuna masa gudajjen bawa. Gaskiya ne, daga can ta fi shahara, kuma ina ganin nauyin nan nata daidai yake da nauyin tuhumar.

Sai dai ba kowane gudu ne gudun aiki ba. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin da sojojin Najeriya kusan 480 suka tsallaka Kamaru bayan artabu da Boko Haram a Gamboru Ngala. Mutane suka ce sun tsere, hedikwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce, tactical manoeuvre. An yi ta dariya, amma Bahaushe ya daɗe da sunan abin: gudun gyara daga. Ko gyara dagar suka yi ko tsira da rai, wannan hukunci ne, ba aikin mai fassara ba. A Suratul Anfal ma, aya ta 16, da aka haramta juya baya ranar gwabzawa an toge wanda ya karkata don dabarar yaƙi da wanda ya koma ga wata runduna tasu.

Akwai kuma wanda bai gudu ba, bai yi fashi ba, wurin da aka ajiye shi kawai ya bari. Maharba 50 na Uhudu ke nan: an ce kada su sauka daga tudu, da suka ga alamar nasara yawancinsu suka sauko ɗibar ganima, Khalid bin Walid ya zagayo ta baya da dawakai. Gaba suka yi, ba baya ba. Wannan barin wurin tsaro ne, kuma shi ya dace da maigadin da ya bar ƙofa ya tafi wurin mai shayi.

Da na gama duk wannan bayani sai ƙanwar tawa ta ce, "To Yaya, mutumin da ke labarina kwana tara ya yi, kuma da ƙafarsa ya dawo." Na ce rubuta fashin aiki.