Ciwon saman ciki bayan cin abinci: abin da aka tattauna

Da aka tada maganar abin da ke jawo ciwon saman ciki bayan cin abinci a wata tattaunawa, yawancin mutane olsa, wato gyambon ciki, suka fara kawowa. Gyambon da ke cikin tumbi yakan tashi ne jim kaɗan bayan an ci abinci, na farkon hanji kuwa sai yunwa ta kama ko cikin dare. Wasu sun ɗora laifin a kan yaji da rashin cin abinci a kan lokaci, amma masu ilmin abin sun ce ƙwayar cutar H. pylori da yawan shan magungunan rage raɗaɗi irin su ibuprofen, diclofenac ko asfirin su ne manyan dalilai. Yaji tsokano ciwon kawai yake yi.

An kuma ambaci ƙwannafi, musamman ga mai kwanciya da ya gama tuwon dare. In ciwon a dama yake, ƙarƙashin haƙarƙari, yana harbawa kafaɗa bayan an ci maiƙo, a duba tsakuwar maɗaciya.

Masu jiƙa kanwa su sha dai ba su sami goyon baya ba. Aman jini, baƙin bayan gida, rama, wahalar haɗiya ko idanu su yi rawaya, sai asibiti. In da gumi da sarƙewar numfashi, a hanzarta, don ciwon zuciya ma kan zo haka.